Veduta: Tsoffin zane-zanen birane da suka zama shaidar tarihi

Veduta kalma ce ta Italiyanci, ma'anarta abin da ido ya hango. Da wannan suna masana ke kiran wani nau'in zanen fenti da ya yi tashe a Turai cikin ƙarni na 18. A irin wannan zane, gwani yakan ɗauki wani sashe na birni ya shimfiɗa shi a kan ƙyalle yadda yake: tituna da gadoji, fadoji da majami'u, kasuwanni da hanyoyin ruwa, har da jama'ar da ke kai-komo a tsakani. A wancan zamani babu kyamara, domin sai a shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto. Saboda haka duk mai son ganin kamannin biranen Venice, Roma, Dresden ko Warsaw na shekaru 250 da suka shige, ga aikin waɗannan masu zane yake komawa.

Wanda ya tsaya gaban ɗaya daga cikin zane-zanen zai iya ƙirga tagogin gida da matakalan bene, har ya ɗauka gaskiya ce zalla a gabansa. Sai dai kowane zane yana ɗauke da kaya biyu. Na farko surar ginin, na biyu kuma yanayin da aka lulluɓe ginin da shi: hasken rana ko duhun hadari, cinkoson biki ko shirun safiya. Shi wannan yanayi zaɓarsa ake yi, kuma a cikin zaɓin akwai bakin wanda ya biya kuɗin aikin, akwai kuma halin da birnin yake ciki a lokacin. Bambance kayan nan biyu ya wuce batun sha'awa kawai, domin an taɓa sake gina babban birnin wata ƙasa ana duban irin wannan zane.

Asalin salon

Masu zane na ƙasar Holan ne suka fara mayar da birni ya zama shi ne abin zanawa, cikin ƙarni na 17, maimakon ya tsaya a matsayin ado a bayan hoton sarki ko waliyyi. Mafi shahara a cikin ayyukansu shi ne zanen birnin Delft da Johannes Vermeer ya yi wajen shekarar 1660. An hango birnin daga ƙetaren ruwa da safe, gajimare ya yi wa gine-ginen gaba inuwa, rana kuma ta haska rufin gidajen da ke can ciki. Komai tsit, mutane 'yan kaɗan ne a bakin gaɓa. Amma shekaru kusan shida kafin nan, a 1654, rumbun albarushi ya fashe a Delft, ya rusa wani yanki na birnin, ya kashe mutane da dama. Babu alamar wannan masifa a zanen. Vermeer ya zaɓi gefen da ya tsira, ya zana natsuwa.

Wani ɗan Holan mai suna Gaspar van Wittel, wanda ya ƙaura zuwa Roma cikin shekarun 1670, shi ya kai salon Italiya. Daga Roma ya bazu zuwa Venice, birnin da aka gina a kan tsibirai, inda hanyoyin ruwa suka maye gurbin tituna, kwale-kwale kuma ya zama abin hawa. A nan ne salon ya samu gwaninsa.

Canaletto da kasuwar baƙi

An haifi Giovanni Antonio Canal, wanda duniya ta sani da Canaletto, a Venice a 1697, ya kuma rasu a can a 1768. Mahaifinsa mai zana labulen bangon dandalin wasan kwaikwayo ne, kuma a hannunsa ya koyi ilimin nisa da kusa, wato yadda ake sa shimfiɗaɗɗen ƙyalle ya nuna zurfi kamar za a shiga cikinsa a yi tafiya.

Kasuwarsa ta dogara ne ga baƙi. A wancan ƙarni al'ada ce ga 'ya'yan manyan Ingila su yi doguwar ziyara zuwa Italiya don buɗe ido da ƙarin ilimi, kuma kowa yana son ya koma gida da tsaraba. Zanen birnin da mutum ya ziyarta ya zama babbar tsarabar da ake rataye wa a falo. Wani ɗan kasuwar Ingila da ke zaune a Venice, Joseph Smith, wanda daga baya ya zama ƙaramin jakadan ƙasarsa a birnin, shi ya zama dillalin Canaletto. Shi ke karɓar oda, ya tsayar da farashi, ya aika da kaya Landan ta jirgin ruwa. A 1735 ya sa aka buga wasu daga cikin zane-zanen a takarda aka haɗa su littafi, wanda ya zama kamar kundin talla da mai saye zai duba ya zaɓi abin da yake so. Wani basarake ɗaya na Ingila, mai sarautar Bedford, ya sayi zane 24, kuma har yanzu suna hannun zuriyarsa.

Da yaƙin gadon sarautar Ostiriya ya ɓarke a 1740, hanyoyi suka yi wuya, baƙi suka ragu, ciniki ya ja baya. Canaletto ya bi abokan cinikinsa har gida: ya tafi Landan a 1746, ya yi shekaru kusan tara yana zana kogin Thames da sabuwar gadar Westminster. A 1762 Smith ya sayar wa Sarki George na Uku tarin zane-zanen da ya ajiye wa kansa. Wannan ne ya sa a yau ayyukan Canaletto sun fi yawa a Birtaniya nesa ba kusa ba fiye da birnin da ya haife shi.

Hasken da ya rufe raunin birni

Venice ta Canaletto birni ne na hantsi. Sama garau, ruwa na ƙyalli, marmara na ɗaukar ido. Ya sha zana bikin shekara-shekara da ake kira ɗaurin auren Venice da teku, inda shugaban jamhuriyar, mai laƙabin Doge, ke shiga wani ƙaton jirgin ruwa da aka shafe da zinariya ya jefa zobe cikin teku, alamar cewa birnin ne ke mulkin ruwan.

Tarihi kuwa wani labari yake bayarwa. Tun da Turawan Fotugal suka zagaya Afirka suka isa Indiya a 1498, fataucin kayan yaji da ya azurta Venice ya soma sauya hanya. Daular Usmaniyya ta ƙwace tsibirin Crete daga hannunta a 1669, ta kuma tabbatar da karɓe mata kudancin Girka a yarjejeniyar 1718. Lokacin da Canaletto yake zana bikin auren teku, ikon da bikin ke nunawa ya riga ya zama tarihi, birnin kuma yana ƙara dogara ga bukukuwa da kuɗin 'yan yawon buɗe ido. Baƙon da ya biya kuɗi ba ya son ganin wannan rauni a bangon falonsa, shi ya sa ba a zana masa ba. A 1797 Napoleon ya kawo ƙarshen jamhuriyar, shekara guda bayan haka sojojin Faransa suka farfasa jirgin zinariyar don kwashe adonsa.

Akwai wani zane da Canaletto ya yi tun yana matashi, wajen 1725, wanda ya sha bamban, kuma yana gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan. Wani lungu ne inda masassaƙa ke fasa duwatsu. Bangaye sun kwaye, an shanya wanki, wata uwa ta jingine tsintsiya ta ruga wajen ɗanta da ya faɗi. Launukan masu duhu ne, hasken kuma na gefe. Masana da yawa suna ganin shi ne mafi kyawun aikinsa, domin a nan an ga birnin da talakawa ke kwana a ciki.

Bayan Canaletto, Francesco Guardi, wanda ya rasu a 1793, ya zana gine-ginen nan dai, amma kamar ana hango su ta cikin hazo, suna rawa a kan ruwa. A Roma kuma Giovanni Battista Piranesi yakan ƙanƙanta mutane a gindin kufan tsohuwar daula, don ginin ya yi kwarjini, mai kallo ya ji ƙanƙantar kansa. Gini ɗaya ne zai faranta rai a hannun wani, ya sa kewa ko tsoro a hannun wani.

Yadda ake yin aikin

Masu wannan sana'a sukan fita da littafi su zana gine-gine ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta launi da adadin tagogi, sa'an nan su koma ɗakin aiki su harhaɗa. Sun kuma yi amfani da akwatin duhu, wata na'ura mai ƙaramin gilashi a gaba wadda ke jefa surar abin da ke waje a kan takarda, mutum ya bi layin da alƙalami. Akwai irin wannan akwati mai ɗauke da sunan Canaletto a gidan tarihi na Correr da ke Venice.

Duk da haka, waɗanda suka gwada tsayawa inda ya tsaya sun gano cewa ba a iya ganin wasu wuraren yadda ya nuna su daga waje ɗaya. Yakan haɗa hange biyu ko uku a zane ɗaya, ya faɗaɗa dandali, ya ƙara wa hasumiya tsawo, ya gusar da ginin da ya tare masa gani. Akwai ma wani reshe na salon da ake kira kafiriciyo, inda ake ɗauko gada daga wani gari, majami'a daga wani, a haɗa su a birnin da babu shi a duniya. Hannun da ya iya kwaikwayon gaskiya har haka, ya iya yi mata kwaskwarima ba tare da an lura ba.

Bellotto a Dresden

Ɗan 'yar'uwar Canaletto, Bernardo Bellotto, a gidan kawunsa ya koyi sana'ar, har shi ma yakan sa hannu da sunan Canaletto, abin da ya sa a Jamus da Poland da wannan suna aka san shi. A 1747 ya bar Italiya zuwa Dresden, inda ya zama mai zanen fadar Augustus na Uku, sarkin Saxony wanda kuma yake riƙe da sarautar Poland.

Idon Bellotto ya fi na kawunsa sanyi. Samansa cike take da gajimare masu nauyi, inuwarsa baƙa ce mai tsawo, launukansa sun karkata ga toka-toka da kore mai duhu. A zanen da ya yi wa Dresden daga ƙetaren kogin Elbe a 1748, bai ɓoye itatuwan da magina suka kakkafa a jikin hasumiyar majami'ar fada ba, ya bar ginin yadda ya same shi ba a gama ba.

Yaƙin Shekara Bakwai ya ɓarke a 1756, sarki ya tsere zuwa Warsaw, Bellotto ya tafi neman aiki a Vienna da Munich. A 1760 sojojin Prussia suka yi wa Dresden ruwan wuta da igwa, gidansa na cikin waɗanda suka ƙone. Bayan ya dawo, a 1765, ya zana kangon majami'ar Kreuzkirche, wadda hasumiyarta ta tsage ta zube ana tsakiyar gyara. Bango ɗaya ne ya rage a tsaye kamar ruɓaɓɓen haƙori, tarin duwatsu a gindinsa, ma'aikata na kwasa, 'yan kallo sun yi cirko-cirko. Ya zana ɓaraguzan da irin haƙurin da yake zana fadoji, dutse bayan dutse, kuma wannan rashin zuzutawa shi ke sa zanen ya taɓa zuciya.

Warsaw: birnin sarki da ƙasar da ake yanka

A 1767 Bellotto ya kama hanyar Rasha neman aiki, ya yada zango a Warsaw, sai Sarki Stanislaw August Poniatowski ya riƙe shi. A nan ya zauna har rasuwarsa a 1780. Cikin shekaru goma na ƙarshen rayuwarsa ya yi wa sarki zane fiye da ashirin na birnin da kewayensa, aka jera su a wani ɗaki na fada inda jakadu da manyan baƙi ke jira kafin su ga sarki.

Wurin da aka rataye su ya bayyana manufarsu. Baƙo zai ga tituna masu faɗi, fadojin hakimai, majami'u, kekunan doki, 'yan kasuwa da malaman coci, har da almajirai da dabbobi, duka a birni mai tsari da kwanciyar hankali. A daidai wannan lokaci, a 1772, Rasha da Prussia da Ostiriya suka yanki manyan sassa na ƙasar Poland suka raba a tsakaninsu. Rasha da Prussia suka sake yanka a 1793, a 1795 kuma ƙasashen uku suka cinye abin da ya rage. Sunan Poland ya ɓace daga taswira har zuwa 1918. Zane-zanen Bellotto hoton birni ne da sarkinsa ke son duniya ta gani da ƙarfinsa, alhali ƙasa na zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Su kansu zane-zanen sun sha yawo. Jami'an Napoleon sun ɗauki wasu a 1807. Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya ya kwashe su a 1832 bayan ya murƙushe boren 'yan Poland, sai a 1922 aka dawo da su. Sojojin Jamus suka sake kwashe su a Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan satar ce ta zama sanadin tsirarsu.

Sake gina birni daga zane

A ranar 1 ga Agusta 1944 mutanen Warsaw suka yi wa mamayar Jamus tawaye, aka yi kwana 63 ana gwabzawa. Bayan an murƙushe su, sojojin Jamus suka bi birnin unguwa-unguwa suna ƙonawa suna tayar da nakiya, har da fadar sarki. Fiye da kashi 85 cikin 100 na tsohuwar cibiyar birnin ya zama ɓaraguzai.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, aka kafa ofishin sake gina babban birnin. Farfesa Jan Zachwatowicz, wanda ya shugabanci kula da kayan tarihi na ƙasar, ya dage cewa a mayar da tsoffin unguwanni yadda suke, domin al'ummar da aka yi niyyar shafe tarihinta ba ta da amsar da ta fi wannan. Magina sun dogara ga tsoffin hotuna, da awon gine-gine da malamai da ɗaliban kwalejin fasaha ta Warsaw suka yi kafin yaƙi, da kuma zane-zanen Bellotto waɗanda aka gano a Jamus aka dawo da su. An buɗe dandalin kasuwar Tsohon Gari a 1953. Aikin fadar sarki ya ɗauki daga 1971 zuwa 1984, kuma a yau zane 22 na Bellotto suna rataye a ɗakin da aka yi su dominsa. Hukumar UNESCO ta sa tsohuwar cibiyar Warsaw cikin wuraren tarihi na duniya a 1980.

A nan ne batun kaya biyu ya fito fili. Zane-zanen sun nuna birnin shekarun 1770, ba na 1939 ba, kuma hukumomin gurguzu na lokacin sun fi son surar ƙarni na 18 a kan dogayen gidajen haya da attajirai suka gina daga baya. Saboda haka a wasu wurare an rage hawan bene, an dawo da adon da ya daɗe da ɓacewa. Gidan da ake kira Gidan John kusa da dandalin fada, da fadar Branicki a titin Miodowa, an gina su ne bisa abin da Bellotto ya zana, har masana na muhawara a kan ko wasu daga cikin adon sun taɓa kasancewa a zahiri ko kuwa ƙarin mai zane ne. A yau an kakkafa kwafin zane-zanen a kan babban titin Krakowskie Przedmiescie, mai wucewa ya dubi zane ya dubi gini ya ga sun dace. Dole su dace, tun da ginin ne ya kwaikwayi zanen.

Shaidar da ba a yi niyya ba

Wani lokaci abin da mai zane bai ɗauka da muhimmanci ba shi ya fi zama abin dogaro. A gindin gidajen Venice akwai layin gansakuka da ke nuna iyakar inda ruwa ke kaiwa idan teku ta cika. Canaletto da Bellotto sun zana wannan layi yadda suka gan shi, domin babu mai saye da zai nemi a ɗaga shi ko a sauke shi. Wani masanin kimiyya na Italiya, Dario Camuffo, ya gwada tsayin layin a zane-zanen da inda yake a jikin gidajen a yau, ya kuma bayyana a 2003 cewa ruwa ya hau birnin da kimanin santimita 60 tun ƙarni na 18.

Kano daga kan Dala

Irin wannan hange na birni daga nesa ya biyo matafiyan Turai zuwa Afirka cikin ƙarni na 19, kuma birnin Kano yana da nasa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Ya hau dutsen Dala ya zana abin da ya hango: soraye da bukkoki, itatuwan dabino, da faɗin birnin da ya ƙiyasta mazaunansa sun kai dubu 30, suna ninkawa a lokacin fatauci. Hoton mai launi da ya fito a littattafansa biyar na 1857 zuwa 1858, wani mai zane na Jamus, Johann Martin Bernatz, ne ya ƙawata shi daga zanen Barth, shi kuwa bai taɓa taka Kano ba. Shimfiɗar birnin daga idon wanda ya gani ta fito, amma haske da launi da tsayuwar mutanen da ke gaba sun bi ta hannun wanda ke yi wa masu karatu na Turai aiki.

Masana tarihi kan yi wa kowane irin wannan zane tambayoyi huɗu kafin su kafa hujja da shi: wa ya zana, wa ya biya, a ina aka yi niyyar rataye shi, kuma me ke faruwa a birnin a shekarar da aka yi shi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a nan ganin yana buƙatar jin labarin da ke bayansa. Idan aka samu amsoshin, zanen yakan ba da shaida biyu a lokaci guda: yadda birnin yake, da yadda masu iko da masu kuɗi na zamanin suka so a tuna da shi.